LAMBA 214 TA KUSA WATSA BIKIN ƘANWATA

Yau ba ƙagaggen labari na zo maku da shi ba irin wanda kuka saba gani a littattafaina, duk da cewa akwai amarya da ango a ciki. Abu ne da ya faru a gidanmu, don haka ku yi mani uzuri, ba zan kama sunan kowa ba.

A watan Disamba na 2024 muka tashi daga Anka ni da mahaifiyata zuwa Gummi, bikin ɗiyar kawuna, wadda ba ni da wata ƙanwa da ta fi ta domin a hannun kakarmu muka tashi tare. Saura kwana tara ɗaurin aure muka isa. Hunturu ya kankama, rake ya cika kasuwa, gida kuwa ya cika da dangi, ana ta gyaran amarya: zuma, dabino, madara, tsimi, duk abin da wata tsohuwa ta ce yana da kyau sai an ɗura wa yarinyar nan.

Shi Kawu ya shekara shida da ciwon suga, yana zuwa ganin likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Yana da 'yar na'urar gwaji wadda ba ta kai tafin hannu ba, irin wadda ake huda yatsa da 'yar allura a ɗiga jini a kan tsinken gwaji ta nuna lamba. Kowa a gidan ya san inda yake ajiye ta.

Daren kwana na uku na farka ban ga Amarya a shimfiɗarta ba. Can bayan ɗaki na same ta a tsugune, ta cusa kai cikin gwiwa tana kuka mara sauti.

"Ke, mi ya hwaru? Shi ne ya ce maki wani abu?"

Ba ta ce komai ba, sai ta buɗe mani tafin hannunta. Na haska, na ga ta rubuta da biro: 214.

"Yaya, na mutu na lalace. Ciwon Baba ne ya kama ni. Wa zai ɗauki mace mai suga? Gara in hwaɗa mishi tun yanzu a hwasa."

Ashe mako biyu ke nan tana ɗauke da wannan damuwa ita kaɗai. Ta ga tana yawan jin ƙishirwa, kuma wata rana ta ga kiyashi sun taru a makewayi inda ta yi fitsari, ga shi ta taɓa jin ana cewa wannan ita ce alamar. Da gida ya yi tsit sai ta ɗauko na'urar mahaifinta ta gwada kanta yadda ta saba ganin yana yi. Ta taɓa jin yana cewa in ta haura 200 abin ya ɓaci. Har ta rubuta wa angon dogon saƙo a waya, ban hana ta da komai ba sai da rantsuwa cewa ta bari gari ya waye.

Gaskiya ni ma ban runtsa ba. Na yi sakandare, na rubuta littafi har da wata uwar miji mai ciwon suga a ciki, amma wallahi ban san ma'anar lambar nan ba.

Da asuba na aika aka kira mana wata malamar asibiti da ke aure a layin, wadda duk yaran unguwa suke kira Anti. Ta zo da tata na'urar a jaka. Na ɗauka za ta soma da lallashi, sai na ji ta ce:

"Kin wanke hannu kahin ki gwada?"

Amarya ta girgiza kai.

"Mi kika ci kahin nan?"

"Rake muka sha da dare. Da dabino."

Anti ta yi dariya har sai da na ji haushinta. Daga nan ta yi mana bayanin da nake so kowace mai karanta wannan fili ta riƙe. Na'urar ba ta da hankali, zaƙi kawai take aunawa, ba ta bambance na cikin jini da wanda ya manne a fatar yatsa. In kin taɓa rake ko dabino ko mangwaro kika huda yatsan nan ba ki wanke ba, ɗigon jinin zai kwaso zaƙin, lambar ta yi tsalle. Sai an wanke hannu da sabulu, ya bushe sarai. Haka tsinken gwajin, in kwanan watansa ya wuce, ko an bar kwalbarsa a buɗe, ko ya sha zafin rana, ƙarya zai yi maki. Kuma ko da an kiyaye komai, ƙa'idar da aka gindaya wa masu ƙera irin waɗannan na'urori ta yarda su kauce da kusan kashi 15 cikin 100 sama ko ƙasa. Shi ya sa in kin gwada yatsa biyu a jere ba lallai ki ga lamba ɗaya ba.

Tun da Amarya ba ta sa komai a baki ba tun daren jiya, Anti ta sa ta wanke hannu, ta gwada ta da nata. Sai ga 5.8.

Ihun da yarinyar nan ta yi! "Na shiga uku, yanzu kuma ya ƙare gaba ɗaya!"

Nan ma wani karatun ne. Ma'auni iri biyu ne a duniya, kamar mudu da tiya. Na'urar Kawu tana ƙidaya da wanda ake rubutawa mg/dL, ta Anti kuwa da mmol/L. Duba gefen lambar za ki ga wanda taki take amfani da shi. In kina so ki mai da ƙaramar lamba babba sai ki ninka ta sau 18. Wato 5.8 ɗin nan daidai take da 104.

Na ɗauko littafina na rubuta abin da ta faɗa, ga shi kamar yadda yake. Gwajin safe, bayan mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba sai ruwa: ƙasa da 100 lafiya ƙalau. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, ba a shiga ciwon ba amma ana bakin ƙofa. Daga 126 zuwa sama, wato 7.0 a ɗaya ma'aunin, nan ne ake zargin ciwon suga, shi ma sai an maimaita wata rana. Bayan cin abinci dole lamba ta hau ga kowa, amma ga mai lafiya takan sauko ƙasa da 140 in an yi awa biyu. Wanda kuwa aka gwada a kowane lokaci aka ga 200 ko fiye, alhali ga ƙishirwa ga yawan fitsari ga rama, wannan ba ya jiran gobe. In ta faɗi ƙasa da 70 suga ya yi ƙasa ke nan, abin da ya fi samun masu shan magani ko allurar insulin. Wasu na'urorin in abin ya wuce iyakarsu ba sa nuna lamba, sai su rubuta HI, wannan asibiti ne a take.

"Amma ku ji ni da kyau," in ji Anti, "wagga na'ura ba ta yanke hukunci. An yi ta ne don wanda aka riga aka tabbatar yana da ciwon ya riƙa bin sawun jikinsa. Mai cewa kina da shi ko ba ki da shi, jinin da za a ɗiba a jijiya ne a ɗakin gwaji."

Ta ce akwai ma wani gwajin mai suna HbA1c da ke nuna yadda sugan mutum ya kasance wata biyu zuwa uku baya, 6.5 zuwa sama shi ne ciwon. Sai dai ga mai sikila ko mai ƙarancin jini yakan ba da amsar da ba daidai ba, don haka a gaya wa likita tun farko.

To amma 104 ɗin fa, ga yarinya 'yar shekara goma sha tara? Anti ta kafe ta da ido ta ce, ban da zuma da dabino, me kuma take sha? Da ƙyar da jiɓin goshi Amarya ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin katifa. Sha-ka-fashe. Wata ƙawarta ta ce mata ta yi siririya da yawa, lefe ba zai zauna mata ba. Mako uku tana sha. A cikin ƙwayoyin akwai wanda ake kira dexamethasone, magani ne na gaske da likitoci suke bayarwa don wasu cututtuka, amma yana kumbura fuska, yana buɗe ciki, kuma yana ɗaga sugan jini. Na miƙa hannu zan watsa su a masai, Anti ta riƙe ni, ta ce wanda ya jima yana shan irinsa ba ya yankewa rana ɗaya, jiki zai iya rikicewa, sai likita ya tsara yadda za a rage sannu a hankali.

Ku bar ni in faɗi abin da ke raina a nan. Mu 'yammata mun iya jin tsoron abin da zai hana mu aure fiye da abin da zai kashe mu. Yarinyar nan ta haɗiyi ƙwayar da ba ta san sunanta ba har mako uku hankalinta kwance, lamba uku a fuskar na'ura kuwa ta hana ta barci. Alhali ciwon suga ba a ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa, ba ya hana aure, kuma mata masu shi suna haihuwa lafiya in ana kula da su tun kafin cikin.

Muna cikin haka sai ga Gwaggo ta ɗaga labule, yayar Kawu da mahaifiyata, wadda ta zo biki daga wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum. Mace mai raha, ba ta taɓa kwanciya asibiti ba. Ta ga na'ura ta ce, "Mi kuka ɓoyewa? Ku gwada ni ni ma in ga abin zamani."

Da wasa ta wanke hannu, da wasa ta miƙa yatsa. Wannan karon ta Kawu aka ɗauko. 318.

Anti ba ta yi dariya ba. Ta sauya tsinke, ta gwada ɗaya hannun: 305. Gwaggo ta ce ai koko ta sha yanzun nan. Anti ta ce kokon duniya ba ya kai mai lafiya nan. Ta shiga yi mata tambayoyi, amsa tana fitowa ɗaya bayan ɗaya. Sau nawa take tashi fitsari da dare? Sau biyar, wani lokaci shida, amma ai sanyi ne. Ƙishirwa? Buta a gefen gado take kwana, ai iskar hunturu ce. Zannuwanta sun yi mata yawa, ta ce tsufa ne. Ido yana hazo, ba ta iya zura zare a allura. Ƙaiƙayin gaba ya fi shekara, ta sha sassaƙen sanyi har ta gaji. Daga ƙarshe ta kwance tsumman da ke ƙafarta, sai ga gyambo a ƙarƙashin babban yatsa, kara ne ya soke ta tun lokacin girbi, bai warke ba, kuma wai ba ya mata zafi.

Duk wanda ke ɗakin ya yi shiru. Wadda ta kwana tana kuka ba ta da shi, wadda ta shigo tana dariya ita ke ɗauke da shi, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Daga baya na karanta cewa ba Gwaggo kaɗai ba ce. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ce a ƙididdigarta ta 2021 fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Irin na manya a hankali yake shiga, yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa shekara da shekaru ba tare da ya kwantar da mutum ba. Irin wanda ya fi kama yara da matasa kuwa da gudu yake zuwa, cikin 'yan makonni: ƙishirwa, fitsari har a kwance ga yaron da ya daina, rama, daga nan amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama. Wannan insulin ne kawai maganinsa, wanda aka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. Kafin nan yaron da ya kamu ba ya daɗewa.

Mu mutanen Anka da Bukkuyum ai bai kamata a koya mana darajar gwajin jini ba. A 2010 yara suna ta mutuwa a Dareta da Abare da 'Yargalma, wasu na cewa zazzaɓi, wasu na cewa iska, sai da likitocin na-gari-na-kowa suka sa aka auna jininsu aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Kimanin yara 400 muka rasa.

Ranar nan muka kai su biyun babban asibitin Gummi, kuma angon ne ya kai mu, domin Amarya ta daure ta gaya masa komai, har da ƙwayoyin. Abin da ya ce kawai shi ne, shi wa ya gaya mata yana son mai ƙiba? Washegari aka ɗebi jinin safe. Na Amarya 99. Likita ya tsara mata yadda za ta rabu da ƙwayar, ya ce ta dawo bayan wata uku, tun da ciwon yana gidansu, kuma in ta samu ciki a gwada ta tsakanin mako 24 zuwa 28. Na Gwaggo 227. Aka wanke ƙafar, aka ɗora ta a kan metformin, aka ce ta rage malmalar tuwo, ta ƙara wake da zogale da rama, ta bar lemon kwalba da sukari a fura, kuma kada ta sake taka ƙasa ba takalmi.

Mahaifiyata ta ƙi yarda a gwada ta a ranar, ta ce ba a gidan biki ba. Sai da muka koma Anka na yi ta yi mata naci har sati biyu. Nata 112, bakin ƙofa.

An ɗaura aure ranar da aka sa. Gwaggo ba ta yi rawa ba, tana kan kujera da ƙafa a naɗe tana ba da umarni. A watan Maris na 2025 Amarya ta koma gwaji aka samu 88, fuskarta ta saɓe ta dawo yadda na santa. Gwaggo kuwa har yanzu duk lokacin da muka yi waya sai ta yi mani ƙorafin shayi ba sukari, sa'annan ta sa jikanta ya karanto mani lambar da aka rubuta mata a kati a zuwanta asibiti na ƙarshe, ta ce, "To malama marubuciya, wagga kuma mi take nuhi?"