Takardar Shek Sante: Wa Ke Biyan Kuɗin Haihuwa?

'Yan'uwa, kullum ana tambaya a bakin asibiti: "An ce magani kyauta ne, to me ya sa ake karɓar kuɗi?" Wannan ɗan littafi zai bayyana muku abin da aka ɗauke muku, da abin da ya rage a kanku, domin kada mace ta zauna a gida tana naƙuda saboda tsoron kuɗi.

Yadda biya ya samo asali

A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako. A lokacin ƙananan asibitoci da yawa ba su da magani. Aka shirya cewa majiyyaci ya riƙa biyan wani abu, a sake sayo magani da kuɗin. Magani ya samu, amma nauyin ya faɗa kan mai rashin lafiya. A 2001 kuma, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Kamaru ba ta kai wannan ba. Shi ya sa har yau mafi yawan kuɗin jinya daga aljihun iyali yake fitowa: a sayar da akuya, ko buhun masara, ko a ci bashi.

Abin da ya canja

A watan Afrilu 2023, a garin Mandjou kusa da Bertoua, gwamnati ta buɗe kashi na farko na tsarin kula da lafiyar kowa, wanda kuke ji ana kira CSU. A ƙarƙashinsa ana duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba biya, ana kuma yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta. Maganin tarin fuka da na Sida ma ba a sayarwa. Ga masu ciki kuwa akwai Shek Sante, wadda ta soma aiki tun kafin CSU a Adamawa, da Arewa, da Arewa Mai Nisa, da taimakon Faransa da Jamus.

Me takardar ta ƙunsa?

Kuɗinta sefa 6,000 ne, wato jaka shida, sau ɗaya ga kowane ciki. Ke mai ciki, idan kin saya, kina da awo, da hoton ciki, da haihuwa a hannun ungozomar asibiti. Idan haihuwa ta zo da gardama har sai an yi tiyata, ita ma tana ciki. Bayan kin sauka, ana kula da ke da jaririnki har kwana 42.

Maigida, ka yi lissafi da kanka. Tiyata ɗaya ta ninka jaka shida sau da yawa, kuma ba ta sallama kafin ta zo. Mace mai ƙoshin lafiya, wadda ta haifi biyar lami lafiya, tana iya zubar da jini a na shida.

To, wa ke cika sauran?

Jaka shida ba ta isa sayen allura, da ruwan ƙari, da safar hannu, da zaren ɗinki ba. Asibiti ne ke fara yin aikin, ya rubuta abin da ya kashe, ya aika, daga baya a biya shi daga kuɗin gwamnati da na masu taimako. Wannan yana nufin abu biyu. Na farko, in ba ki zo da takardarki ba, asibiti ba shi da shaidar da zai nemi kuɗinsa. Na biyu, idan biyan ya yi jinkiri, magani yakan ƙare a ɗakin ajiya. Ranar da aka ce muku wani magani babu, sau da yawa dalilin ke nan. Ku tambaya a yi muku bayani, haƙƙinku ne.

Abin da za ku yi

1. Ki sayi takardar tun cikin yana ƙarami, kada ki bari sai wata tara. Awon farko ne ke gano ƙarancin jini da hawan jini.
2. Ku tambaya ko asibitin da kuke zuwa yana cikin waɗanda aka amince su karɓi Shek Sante. Ba kowane ba ne.
3. Ku adana ta tare da littafin awo cikin leda, inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Ta mace ɗaya ce, ba a ba kishiya ko maƙwabciya aro.
4. Ku yi wa yara rajistar CSU. Ba a biyan kuɗin rajista.
5. Duk abin da kuka biya, ku karɓi takardar shaida. In an nemi kuɗi kan abin da takardar ta ƙunsa, ku gaya wa shugaban asibiti ko kwamitin lafiya na garinku.
6. Ku ajiye kuɗin babur ko mota da na abinci tun da wuri, ku kuma san wanda zai ba da jini in an buƙata.

Naƙuda ta wuce yini, ko jini ya ɓalle, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko jijjiga: kada a jira gari ya waye, kada a jira a haɗa kuɗi. A kawo ta nan take.

Allah ya sauke masu ciki lafiya, ya raya mana 'ya'yanmu.