Yarjejeniyar Hayar Gida: Haƙƙin Mai Gida da na Ɗan Haya

Mutanen Gidan Amumune da yawa sukan kama ɗaki haya a Tasawa, Mayahi ko Maraɗi, domin kasuwanci, aiki ko karatun yara. Galibi da baki ake ƙulla maganar. Dokar farar hula ta Nijar ta yarda da hayar baki, amma ranar da gardama ta tashi, wanda ba shi da takarda yakan rasa hujja. A shekarar 1996 ma, gwamnati ta kafa doka ta musamman a kan hayar gidaje.

Abin da za a rubuta

A sa sunan mai gida da na ɗan haya, da unguwar da gidan yake, da yawan ɗakuna. A rubuta kuɗin wata da ranar biya, da kuɗin ajiya idan an karɓa. A faɗi wanda zai biya wuta da ruwa, da wa'adin da za a bayar kafin tashi. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu, kowa kuma ya riƙe kwafi ɗaya. Idan karatunka bai yi ƙarfi ba, sai wani amintacce ya karanta maka tukuna.

Nauyin mai gida

Ya miƙa gidan cikin kyakkyawan hali. Manyan gyare-gyare, kamar rufin da ke yoyo ko katangar da damina ta kayar, nasa ne. Kada ya takura wa ɗan haya a zamansa.

Nauyin ɗan haya

Ya biya a kan lokaci, ya karɓi takardar shaidar biya kowane wata. Ya kula da gidan, ya gyara abin da ya lalata da kansa. Ranar shiga, ku zagaya gidan tare, ku rubuta duk abin da ya lalace. Idan ba a rubuta ba, doka tana ɗauka cewa lafiya lau ka karɓe shi.

Idan rigima ta taso

Kada mai gida ya cire ƙofa ko ya watsar da kaya waje. A fara zuwa wurin mai unguwa ko mai gari, domin doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu. Idan sulhu ya gagara, a kai ƙara kotun Tasawa ko ta Mayahi, gwargwadon inda gidan yake. Alƙali ne ke da ikon ba da umarnin fitar da ɗan haya.