Rage Nauyin Hoto a Kwamfuta da Abin da ke Salwanta a Cikinsa

Ɗalibin da ya zauna cike takardar neman shiga jami'a ta intanet, ko ma'aikacin gwamnati da aka umurta ya ɗora takardunsa na shaida a lokacin tantance ma'aikata, sau da yawa a wuri ɗaya sukan cije: na'ura ta ƙi karɓar hoton, wai ya yi nauyi. An ƙayyade kada ya wuce kilobayit 100, alal misali, alhali wanda wayarsa ta ɗauka ya kai megabayit 3, watau ninki talatin ke nan. Sai ya garzaya shagon masu kwamfuta, a danna nan a danna can, hoto ya shige. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da aka cire daga hoton har ya yi sauƙi ba, balle a san ko abin da aka cire ɗin yana da amfani.

Hoto a cikin kwamfuta ɗige-ɗige ne da aka jera layi-layi, kowane ɗigo da launinsa. A shekarar 1957 Russell Kirsch, wani injiniya a Amurka, ya shigar da hoton jaririnsa cikin kwamfuta, ɗigo 176 a tsaye da 176 a kwance. Wayar hannu ta yau kuwa takan ɗauki hoto mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsayi, jimla miliyan 12. Kowane ɗigo yana bukatar bayit uku, na ja da na kore da na shuɗi, domin daga haɗin waɗannan ne sauran launuka ke fitowa. Da za a ajiye hoton haka ɗanyensa, da ya kai megabayit 36, ya zarce megabayit 25 da Gmail ke yarda a maƙala wa wasiƙa. Ashe ke nan hoton megabayit 3 da ɗalibin ke riƙe da shi an riga an matse shi tun a cikin waya.

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma aka fi mantawa da ita, ita ce rage yawan ɗige-ɗigen kansu. In aka raba faɗi biyu aka raba tsayi biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne zai rage. Hoton fasfo mai milimita 35 da 45, ko da bugawa za a yi a takarda da ɗigo 300 a kowane inci, ɗigo 413 da 531 sun ishe shi, abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na miliyan 12 ba. Wanda ya yanke bango da kujerun da ke bayansa, sa'an nan ya daidaita girman, yawanci ya gama aikinsa ba tare da ya ɓata fuskarsa ba.

Matsewa ta gaskiya iri biyu ce. Ta farko kamar matse auduga ce a dila: girma ya ragu, amma in aka kwance, audugar tana nan yadda take. Dabarar ita ce gajarta abin da ke maimaituwa. Maimakon a rubuta fari sau dubu a jere, sai a rubuta shi sau ɗaya tare da adadinsa. Abin da ya fi yawan aukuwa kuma a ba shi gajeriyar alama, kamar yadda David Huffman ya tsara a 1952. Tsarin PNG, wanda ya fito a 1996, na wannan gida ne. Ya dace da zane da taswira da tambari, inda launi ɗaya ke mamaye fili mai faɗi. A hoton fuska ko na kasuwa kuwa, inda da wuya ɗigo biyu su zo daidai, ragin da yake yi kaɗan ne.

Ta biyu kamar kilishi ce: ruwan da ya fita daga naman ba ya komawa. Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, shi ne babba a nan. Tushensa wani lissafi ne da Nasir Ahmed, haifaffen Indiya, ya ɓullo da shi a Amurka, aka buga a 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao. Tsarin ya dogara ne ga raunin idon ɗan Adam. Ido ya fi lura da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi, saboda haka sai a rage bayanin launi, a bar na haske. Daga nan a yanka hoton gida-gida, kowane gida ɗigo 8 da 8, a ajiye fasalinsa na gaba ɗaya, a zubar da ƙananan sauye-sauyen da ido ba ya kamawa. Da haka hoto kan ragu ninki goma mai kallo bai farga ba. Amma in aka tsananta, gidajen sukan bayyana kamar bulo, gefen abubuwa ya yi hazo. Rubutu ne ya fi shan wahala, domin harafi baƙi a kan farar takarda kusan duk gefe ne mai kaifi, irin abin da JPEG ke zubarwa. Haka kuma duk lokacin da aka gyara hoton aka sake ajiye shi, an sake yin wata asarar a kan ta farko. Wannan ne dalilin da ya sa takardar shaidar da ta bi ta hannu biyar a WhatsApp takan iso hatiminta ya zama tabo.

Hazo dai ana ganinsa. Akwai ɓarnar da ta fi shi muni. A shekarar 2013 David Kriesel, masanin kwamfuta a Jamus, ya lura cewa wasu na'urorin kwafar takardu na kamfanin Xerox suna sauya lambobi a cikin zanen gini da aka kwafa. Na'urorin suna amfani da tsarin JBIG2, wanda ke ajiye siffa ɗaya ya maimaita ta a duk inda ya ga mai kama da ita, don rage nauyi. A ƙananan rubutu sai 6 ta koma 8, takarda kuwa ta fito tsaf, babu alamar kuskure. Kamfanin ya amsa matsalar, ya fitar da gyara. Ma'aikacin da ke kula da fayil ɗin ma'aikata ya san abin da lamba ɗaya ke jawowa a shekarar haihuwa, ko matakin albashi, ko lambar fuloti: mutum na iya yin ritaya shekara biyu kafin lokacinsa, ko ya shiga shari'ar filin da ba ya ƙarewa.

Saboda haka takardar shaida tana da nata hukunci dabam da hoton biki. Takardar A4 da aka kwafa da ɗigo 300 a inci tana da ɗigo kusan miliyan 8.7, da 150 kuwa kusan miliyan 2.2, kuma yawancin rubutu na karantuwa a haka. In babu hatimi mai launi da ake bukata, a kwafe ta da launin toka, bayit ɗaya ga kowane ɗigo maimakon uku. A riƙa ajiye kwafin asali a wuri dabam, a yi kowane ragi daga gare shi, kada a yi daga wanda aka riga aka matse. In ta WhatsApp za a aika, a tura ta a matsayin fayil, domin a haka ba a sake matse ta. Sababbin tsare-tsare kamar WebP na Google, na 2010, da HEIC da wayoyin iPhone ke amfani da shi tun 2017, sun fi JPEG rage nauyi, sai dai shafukan cike takardu da dama JPEG ko PDF kaɗai suke karɓa, don haka dole a sauya tukuna. Kafin a ɗora, a buɗe fayil ɗin, a faɗaɗa shi, a gwada suna da kwanan wata da kowace lamba da takardar asali da ke hannu.