Wace Macen Ake Nufi? Yadda Batun Launin Fata Ya Sauya Nazarin Al'amuran Mata a Jami'o'in Amurka

Nazarin al'amuran mata fanni ne na ilimin jami'a da ke bincikar rayuwar mata da ayyukansu da matsayin da doka da al'ada da tattalin arziki suka ba su, kuma fanni ne ɗan kwanan nan idan aka kwatanta shi da tarihi ko shari'a ko likitanci. A Amurka aka fara ba shi gurbi na kansa, inda kwalejin gwamnati ta San Diego da ke jihar Kaliforniya ta buɗe cikakken tsarin karatunsa na farko a 1970, sannan sauran jami'o'i suka bi sahu da sauri har malamansa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1977. Hujjar waɗanda suka assasa shi ita ce manhajar jami'a ta daɗe tana karantar da tarihin maza da adabin maza tamkar su ne tarihi da adabin ɗan Adam baki ɗaya. Sun kuma bambanta halittar jiki da abin da suka kira jinsi, wato nauyi da iyakoki da darajar da al'umma ke ɗora wa namiji ko mace, kamar wanda ke cin gado da wanda ke riƙe dukiya da wanda ake sauraron maganarsa a majalisa, abubuwan da ke sauyawa daga zamani zuwa zamani kuma daga wata ƙasa zuwa wata.

Sai dai tun fannin yana rarrafe aka jefa masa tambayar da ta zame masa alheri daga baya, ita ce wace macen ake nufi idan an ce mata. Littafin da Betty Friedan ta fitar a 1963, wanda ya zaburar da fafutukar matan Amurka, ya yi magana ne a kan mace mai ilimi da mijinta ke da wadata, wadda zaman gida ya gundura tana neman a bar ta ta fita aiki. Wannan koke gaskiya ne ga masu shi, amma bai taɓa rayuwar baƙar mace ba, domin ita ba a taɓa hana ta aiki ba: kakanninta sun tsinci auduga a gonakin kudu a ƙarƙashin bauta, uwarta kuma ta yi wanki da raino a gidajen fararen mata, sau da yawa a gidan ita waccan matar da ke kukan zaman kashe wando. Haka batun zaɓe yake, domin ana karantar da cewa matan Amurka sun sami 'yancin jefa ƙuri'a a 1920, alhali yawancin baƙaƙen matan jihohin kudu ba su sami damar yin zaɓe a aikace ba sai bayan dokar 'yancin zaɓe ta 1965. A ɗaya ɓangaren kuma, sassan nazarin baƙar fata da aka fara buɗewa bayan yajin ɗaliban San Francisco na 1968 sun fi mayar da hankali ga tarihin maza. Wani kundin maƙalu da Gloria Hull da Patricia Bell-Scott da Barbara Smith suka tace a 1982 ya bayyana wannan giɓi tun daga sunansa, wanda ke nuni da cewa idan an ce mata farare ake nufi, idan an ce baƙaƙe kuma maza ake nufi.

Misalin da ya fi fito da matsalar fili daga kotu ya zo. A 1976 wata kotun tarayya ta yanke hukunci a ƙarar da baƙaƙen mata biyar, ciki har da Emma DeGraffenreid, suka shigar a kan kamfanin motoci na General Motors a birnin St. Louis. Kamfanin bai ɗauki baƙaƙen mata aiki ba kafin 1964, shekarar da aka kafa dokar da ta haramta wariya a wurin aiki, saboda haka da tattalin arziki ya yi rauni a shekarun 1970 aka rage ma'aikata bisa ƙa'idar wanda ya zo daga baya shi ke fara tafiya, su ne sallamar ta fi kwashewa. Kotun ta ƙi yarda su haɗa kukan wariyar jinsi da na launin fata su zama ƙara ɗaya, ta ce kamfanin ya daɗe yana ɗaukar mata, ta kuma ba su shawarar su haɗa kukansu na launin fata da wata ƙarar daban. Abin da wannan lissafi ya ɓoye shi ne matan da ake ɗauka farare ne, baƙaƙen da ake ɗauka kuma maza ne, saboda haka kamfani na iya wanke kansa daga kowane zargi idan an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, alhali ƙofarsa a rufe take ga mutumin da ya haɗa siffofin biyu.

A kan wannan shari'a da makamantanta ne masaniyar doka Kimberlé Crenshaw ta gina maƙalarta ta 1989, inda ta kawo abin da za a iya kira ƙa'idar mararraba. Ta kwatanta baƙar mace da wanda ke tsaye inda tituna biyu suka giciye, mota na iya bige shi daga wannan titi ko daga wancan ko daga duka biyun a lokaci guda, sai kuma masu agaji su ƙi ɗaukarsa har sai ya faɗi daga wane titi motar ta fito. Tunanin bai fara daga kanta ba, domin wata ƙungiyar baƙaƙen mata a Boston mai suna Combahee ta yi bayani mai kama da shi a 1977, Angela Davis da bell hooks kuma kowacce ta fitar da littafi a kan batun a 1981, amma Crenshaw ce ta ba shi siffar da lauyoyi da masu ƙididdiga da likitoci za su iya aiki da ita.

Amfanin wannan hanya ya fi bayyana a tarihin likitanci, kuma misalin ya shafi ciwon da mutanen ƙasar Hausa suka sani sarai, wato yoyon fitsari. Likitan da aka daɗe ana yi wa kirari da uban likitancin mata a Amurka, J. Marion Sims, ya gano dabarar ɗinke wannan rauni ne ta hanyar gwaji a jikin bayi mata a garin Montgomery na jihar Alabama tsakanin 1845 da 1849, ba tare da maganin kashe zafi ba, kuma ɗaya daga cikinsu mai suna Anarcha an yi mata aiki kusan sau 30. Masu kare shi na cewa maganin sa barci bai yaɗu ba a lokacin, amma wannan bai kawar da cewa baiwa ba ta da ikon cewa a'a ba, izinin ubangidanta ake nema. Litattafan likitanci sun adana sunansa sun manta da nasu, har sai da masana tarihin baƙaƙen mata irin su Deirdre Cooper Owens suka sake bin takardun, kuma a 2018 hukumomin New York suka sauke gunkinsa daga gefen babban lambun shaƙatawa na birnin. Bambancin bai tsaya a tarihi ba, domin alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka na 2021 sun nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 baƙaƙen mata kusan 70 ne suka rasu sanadiyyar ciki ko haihuwa, farare kuma kusan 27. Wanda ya haɗa matan ƙasar a jimilla ɗaya ba zai taɓa ganin wannan tazara ba. Irin wannan rarrabewa ce ta sa Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gano a 2018 cewa wasu manhajojin kwamfuta masu tantance fuska na kuskure a kan mata masu duhun fata har kusan kashi 35 cikin 100, alhali kuskurensu a kan maza masu hasken fata bai kai kashi 1 ba.

Masana daga Asiya da Afirka sun ɗauki tambayar suka mayar wa Amurkawan ita. Chandra Mohanty, 'yar asalin Indiya, ta soki yadda rubuce-rubucen Turawa ke dunƙule matan ƙasashe masu tasowa su zama mace ɗaya jahila wadda ake zalunta, a wata maƙala ta 1984. Ifi Amadiume ta nuna a 1987, daga binciken da ta yi a garin Nnobi na ƙasar Ibo, cewa kafin zuwan Turawa 'ya mace na iya tsayawa a matsayin ɗa namiji ta gaji gidan mahaifinta, Oyeronke Oyewumi kuma ta yi jayayya a 1997 cewa girman shekaru ya fi jinsi nauyi a tsarin Yarbawa na dā, ko da yake wasu masanan Yarbawa ba su yarda da ita ba. A Nijeriya, taron da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982, wanda ya haifar da ƙungiyar WIN ta matan Nijeriya, ya haɗa batun jinsi ne da na talauci da wadata, domin a nan launin fata ba shi ne babban abin da ke raba mace da mace ba. Abin da ke raba su shi ne birni da ƙauye, da samun makaranta da rashinta, da gidan sarauta da gidan talaka. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa ta kuma kafa tsarin 'yan taru na karantar da matan karkara, a daidai zamanin da wasu matan ke cikin bauta a daular da ta rayu a cikinta, kuma tarihin da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗayan bai cika ba.

Fannin yana da masu suka, kuma wasu sukar suna da ƙarfi. Akwai masu ganin cewa wasu malamansa sun cakuɗa bincike da fafutukar siyasa, akwai masu cewa rarraba mutane gida-gida na iya ci gaba ba iyaka har a rasa abin da ya haɗa su, akwai kuma masu ƙorafin cewa harshen rubutunsa ya yi wa matan da ake magana a kansu tsauri. Wasu hukumomi sun wuce suka, inda gwamnatin Hungary ta janye amincewarta da digirin nazarin jinsi a 2018, hukumar gudanarwar New College da ke Florida kuma ta yanke shawarar rufe sashenta na nazarin jinsi a 2023. Sai dai rufe sashe ba ya goge shari'ar St. Louis ko alƙaluman mutuwar masu haihuwa, kuma gyaran da fannin ke buƙata shi ne ƙara tsananta hujja da sauƙaƙa harshe. Jami'o'in Afirka da ke buɗe cibiyoyin nazarin jinsi ya kamata su ɗauki dabarar rarrabe alƙaluma da tambayar wace macen ake nufi, su bar wa Amurka rabe-raben launin fatarta, su gina manhajarsu a kan bayanan asibitoci da kotuna da kasuwannin garuruwansu.