In Motar Kaya Ta Fara Ɗingishi

Da zarar hunturu ya shigo, manoman rani na Kadawa da Kura su kan fara ɗiban tumatir, motoci na ta jigila zuwa kasuwar Kwanar Gafan. To, tumatir ba gyaɗa ba ne balle a jibge shi a jira ciniki. Kwandon da ya kwana biyu a bakin hanya ya zama na asara. Saboda haka lafiyar mota ta shafi manomi da ɗan kasuwa kamar yadda ta shafi direba.

Ɗaya daga cikin cututtukan da ke damun ƙananan motoci masu shan fetur ita ce wadda makanikai ke kira mis. Alamunta ba su ɓuya: inji ya riƙa karkarwa in mota tana tsaye, salansa tana tari, in an zo hawa ta kasa ja, ga kuma shan mai fiye da kima. Watau wata silinda ce ta daina aiki. Inji mai silinda 4 kamar mata huɗu ne masu lugude a turmi guda. In ɗaya ta saki taɓarya, ko daga bayan katanga a kan ji.

Abu uku kowace silinda ke bukata. Na farko wuta daga fulogi. Na biyu fetur gauraye da iska, misalin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Na uku matsi, watau fistin ya matse su ba tare da sun sulale ba. In an rasa ɗaya, mis ya samu.

Makaniki mai hankali ba ya fara da sayen kaya. Sai ya fara gano silindar da ba ta aiki. A tsohuwar mota mai kafireto, irin Peugeot 504 a-kori-kura, ya kan bar inji yana aiki, ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, domin wutar tana da zafi ƙwarai. Wadda aka zare inji ya ƙara karkarwa, silindarta lafiya lau. Wadda aka zare bai sake murya ba, to, nan ɓarnar take. Sababbin motoci kuwa, irin waɗanda aka ƙera domin Amurka tun daga 1996, suna da wurin jona kwamfuta. In ta nuna P0301, silinda ta 1 ce. In ta nuna P0300, abin yawo yake yi.

Wannan bambanci shi ne rabin aiki. In silinda guda ce, sai a kwance fuloginta a duba bakinsa. Ja-ja mai kama da ƙasa, lafiyayye ne. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Jiƙaƙƙe da baƙin mai, ringi ko wajen bawul ya ci. Fari fat, fetur ya yi kaɗan. Sa'an nan a musanya fulogin, ko kwail ɗinsa, da na maƙwabciyarta. In mis ya bi shi ya koma can, an kama ɓarawo.

In kuwa abin yawo yake yi, sai a nemi abin da ya haɗa su duka, watau mai da iska. Ƙurar hunturu kan toshe matatar iska. Fetur ɗin 'yan bumburutu wani lokaci ya kan zo da ruwa ko datti. Gwajinsa ba wuya: a tsiyaya kaɗan a farar kwalba a ajiye, nesa da wuta, ruwan zai kwanta a ƙasa domin ya fi fetur nauyi. Har wa yau a duba matatar mai, da famfon mai, da robobin iska ko akwai wadda ta tsage.

Sai wuta da mai sun fita zargi kana a auna matsi. Silindar da ta gaza 'yan'uwanta da nisa, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. In matsi ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, a tuhumi bawul. In biyu ne maƙwabta suka faɗi tare, ko kuwa ruwan lagireto na raguwa, salansa na fid da farin hayaƙi, galibi gaskit ne ya ƙone.

Direba ya kan ce bari ya lallaɓa ya kai kaya tukuna. Amma fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man jikin silinda, ya sauka ya tsinka baƙin mai. Gyaran da fulogi guda zai yi, sai ya koma na sauke inji. A sabuwar mota, in fitilar inji ta fara ƙyaftawa, lalle ne a tsaya.

Manomi mai injin ban-ruwa na fetur ma ya riƙe abu ukun nan, domin nasa silinda ɗaya ce tak, ba mai taimakonta. Akawu mai riƙe da littafin mota kuma ya rubuta ranar da aka sake fulogi da matata. A duba su tun tumatir bai nuna ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.