Afolo Ba Ya Bin Kallo

Da zarar ciwon Afolo ya shigo gari, sai mutane su koma gudun ido. Shiga motar Kachia daga Kujama da jajayen idanu, ka ga yadda fasinjoji ke kau da kai, wani ma ya ce, "Malam, don Allah sa gilashi, kada ka shafa mana." Manya sun gaya mana duk wanda ya haɗa ido da mai Afolo ya kamu, kuma ba su faɗa haka siddan ba. Sun ga ciwon ya shiga gida yau, kafin jibi kowa na tsiyayar hawaye. Saurin nan gaskiya ne, domin alamunsa kan bayyana cikin kwana ɗaya ko biyu. Inda zan nemi afuwa in saɓa musu shi ne hanyar da yake bi.

Ƙwayar cutar tana cikin hawaye da kwantsa. Mai ciwo ya murza ido, ya miƙa wa kwandasta kuɗi, ya kama ƙofar mota. Na bayansa ya kama wurin, ya share gumi har cikin ido. A gida kuwa tawul ɗaya, matashin kai ɗaya, tandun kwalli ɗaya uwa da 'ya'yanta ke zagayawa da shi. Kallo ba ya ɗauke da komai. Baƙin gilashi yana rage wa mai ciwo zafin haske ne kawai, mai kare na kusa da shi sabulu ne da ruwa.

Sunan ma da zato aka raɗa shi. A 1969 annobar ta ɓarke a Ghana, shekarar da Neil Armstrong da Buzz Aldrin na Amurka suka taka wata a tafiyar Apollo 11, ranar 20 ga Yuli. Sai jama'a suka ɗaura wannan da wancan, har ana cewa ƙurar wata ce ta zubo. Alhali tun watan Yuni ake fama da ciwon a kewayen Accra, kumbon bai ko tashi ba. Daga baya masana a Japan suka gano ƙwayar da ake kira enterovirus 70. Shi kuwa Apollo, sunan abin bautar Girkawan dā ne, ga shi yau a bakin 'yan kasuwar Kujama.

Abin da ya fi damuna shi ne, wanda ke tsoron kallo ba ya tsoron ɗiga fitsari, ko ruwan albasa, ko ruwan batir a ido. Afolo kan tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, amma fitsarin mai ciwon sanyi yana iya huda ƙwayar ido cikin 'yan kwanaki. In gani ya fara dishi-dishi, ko mugunya ta yawaita, ko jariri ne ya kamu, a bar kemis a nufi asibiti. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana nan Kaduna, wajen Mando.