Kasalar da Ba Ta Jin Maganin Taifot

A ƙananan asibitoci da shagunan magani na Arewa, duk wanda ya je da kukan mutuwar jiki, kusan amsa ɗaya yake samu: maleriya da taifot. A yi masa allurai, a haɗa shi da ƙwayoyi, bayan wata guda kasala ta dawo.

Babban abin da ya ɗaure wa wannan ɗabi'a gindi shi ne gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896. Yana da arha da sauri, amma yakan nuna taifot a jinin wanda ya warke tuntuni, har ma da mai zazzaɓin cizon sauro kaɗai. Mai gwaji ya karɓi kuɗinsa, majinyaci ya samu sunan da zai kira ciwonsa, bincike ya tsaya nan.

Ana cikin haka tsargiya na cin mutane. Madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori, da aka gina a shekarun 1970, sun kawo noman rani, sun kuma samar wa dodon koɗin da ke ɗauke da cutar wurin zama. Tsutsarta ta fata take shiga, lokacin da manomi ke tsaye cikin ruwa. Kowa ya san ta da fitsarin jini, amma nau'in da ke kama hanji ba ya nuna wannan alama. Sai dai jini ya yi ta raguwa, hanta da saifa su kumbura. Ana raba maganinta kyauta a makarantu, magidancin da ke wuni a fadama kuwa, ba safai rabon ke kaiwa gare shi ba.

Sai cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari. Mutum na ɗaukarta ta madarar da ba a tafasa ba, ko taɓa mahaifar dabba, shi ya sa mahauta da makiyaya suka fi shiga haɗari. Zazzaɓi ya zo ya tafi, ga gumin dare da ciwon baya. Maganinta haɗin ƙwayoyi biyu ne na mako shida, na taifot kuwa lafar da ita kawai yake yi. Ciwon hanta nau'in B ma yakan yi shekaru ba ya nuna komai sai gajiya.

Asarar ba ta kuɗin magani ce kaɗai ba. Yawan shan ƙwayoyi barkatai na sa ƙwayar taifot ta gaskiya ta daina jin magani. Idan asibiti ya gaza sau uku, dangi kan fara zancen sammu, ko su ce lalaci ne, alhali ba a taɓa duba fitsarin majinyacin ko bayan gidansa ba.